Yadda na sha fama kafin kifayen Nemo su karɓi abinci a hannuna

Ranar wata Asabar da yamma na shigo gida da leda a hannu, rabinta ruwa rabinta iska, da kifaye biyu a ciki waɗanda ko ɗaya bai kai tsawon ɗan yatsana ba. 'Yata mai shekara 6 ce ta buɗe mini ƙofa, ko sannu da zuwa ba ta tsaya yi ba, ledar kawai take leƙe. Sati 5 ke nan tankin gilashi yana ajiye a falonmu a Kuala Lumpur, babban birnin Malesiya, inda aiki ya kawo mu, babu komai cikinsa sai ruwan gishiri lita 75, da yashi, da duwatsun teku, da inji yana juya ruwan dare da rana. Kullum sai ta tambaye ni yaushe masu ɗakin za su iso.

Kifin da nake magana a kai shi ne wanda yara suka sani da Nemo, tun fim ɗin zanen nan da ya fito a 2003. Mutanen Malesiya suna ce masa ikan badut, masana kuma suna kiran irin nawa Amphiprion ocellaris. Jikinsa ruwan goro ne, da fararen ɗamara uku masu siririn baƙin gefe, kuma ko ya girma ba ya wuce santimita 11. Asalinsa tekunan wannan yanki ne, daga Tailan da Malesiya da Indonesiya zuwa Filifin da arewacin Ostireliya. Amma nawa biyun ba su taɓa ganin teku ba, a tanki aka ƙyanƙyashe su, kuma da gangan na nemi irinsu, domin sun saba da abincin gwangwani tun suna ƙanana, ba su kuma cika zuwa da cuta kamar waɗanda aka kamo ba. Wannan ne ya sa na ɗauka ciyar da su ba zai zama wani abu ba.

Jiran sati 5 ɗin ba ganin dama ba ne. Kashin kifi da ragowar abinci idan suka ruɓe a ruwa amoniya suke zama, ita kuwa guba ce. Sai an bar wasu ƙwayoyin bakteriya sun hayayyafa a jikin duwatsu da yashi, su riƙa mai da amoniyar wani sinadari da ake kira naitirayit, wasu kuma su mai da shi naitiret, wanda ya fi sauƙin illa, ana kuma rage shi da canjin ruwa. Duk wannan na san shi, na ma auna na ga amoniya ta hau ta sauko sifili kafin na je sayen kifin. Abin da ban gane ba a lokacin shi ne, bakteriyar sabon tanki kaɗan ce, iya ƙarfinta take aiki, idan aka labta mata kayan da ya fi ƙarfinta ba za ta iya ba.

Na sa ledar a saman ruwan tanki minti 20 domin zafinsu ya zo ɗaya. Na auna gishirin ruwan shago na samu 1.021, nawa kuwa 1.025, don haka na juye su a ƙaramin bokiti na riƙa ɗiga musu ruwan tankina ta siririyar tiyo har kusan minti 40. Sannan na ɗebe su da ɗan kofi na saka, ruwan shagon kuma na zubar. Na kashe fitilar tankin. Kafin in baro shago mai shagon ya ja mini kunne: "Bos, yau kada ka ba su komai. Gobe ma ka bi a hankali."

Bayan Isha'i muna cin abinci 'yata ta kalli tankin ta ce, "Abba, baƙi ne fa. Haka za su kwana ba a ba su komai ba?" Maganar ta taɓa ni. A gidan da na tashi a Zariya baƙo ba ya kwana da yunwa, ko da tsakar dare ya sauka sai an hura wuta. Kuma duk abin da na sani game da kifi kafin wannan, a wurin kawuna na gan shi, mai kiwon tarwaɗa. Shi da kwano yake watsa abinci, ruwan ya kama tafasa da kifi, kafin ka ƙifta ido babu ko ƙwaya. A wurinsa kifin da ya ci da yawa shi ne kifin da ya yi nauyi, nauyi kuma shi ne kuɗi. Da wannan idon nake kallon 'yan kifayen nan biyu, duk da karatun da na yi. Na daure daren, na ce mata sai gobe.

Lahadi da safe na buɗe gwangwanin abinci mai ƙwaya-ƙwaya da na saya ta intanet tun kafin kifin su zo. Na ɗebo kaɗan da yatsu biyu na barbaɗa a saman ruwa. Ƙwayoyin suka yi ta yawo a sama, injin ya kwashe su ya watsa ko'ina. Kifayen kuwa suna can lungun sama bayan injin, sun maƙale da juna, suna wannan lilon nasu na kai da wutsiya, ko kallon abincin ba su yi ba. Na ce wataƙila ba su gani ba, na ƙara. Da azahar na sake. A nan ne babban ya fito, ya cafki ƙwaya ɗaya, ya juya ta a baki, ya tofar, ya koma. Na yi murna, na ce ai ya fara, da yamma na ƙara zubawa. Abin da ban sani ba sai daga baya shi ne, da na fita masallaci uwargida ta tausaya musu ta ɗan barbaɗa, 'yata ma ta hau kujera ta yi nata. Kowannenmu da kyakkyawar niyya ya yi, kuma kowa yana ganin ɗan kaɗan ya zuba.

Litinin da na dawo daga aiki, tun daga bakin ƙofa na ga ruwan ya canza. Ya yi hazo-hazo kamar ruwan tsari. Kifayen sun baro lungu sun dawo daf da saman ruwa, marufan gefen kansu suna buɗewa suna rufewa da sauri. Ko riga ban cire ba na ɗauko kayan gwajin amoniya. Na ɗebi ruwa a 'yar kwalba, na ɗiga magungunan, na jira minti 5. Maimakon ruwan ɗorawa da na saba gani, sai ya koma kore-kore. A jikin katin launukan gwajin, 0.5 ke nan. Mai tankin ruwan daɗi zai iya ganin wannan ba wani abin tashin hankali ba ne, amma ruwan teku ba haka yake ba. Ma'aunin tsaminsa yana wajen 8.2, kuma idan ma'aunin ya hau haka, ga ɗumi, ƙarin kaso na amoniyar yana komawa nau'in da ke ƙona wurin numfashin kifi. A garin da zafin rana ke kai digiri 32 ko 33 kusan kullum, wannan ba abin wasa ba ne.

Allah ya taimake ni ina da jarka mai lita 20 da na haɗa ruwan gishiri tun ranar Juma'a. Na sa tiyo na fara zuƙe saman yashi zuwa bokiti. A ƙarƙashin babban dutsen na tarar da abin da ya jawo komai: ƙwayoyin abinci tuli guda, sun kumbura sun ninka girmansu, wasu har sun fara fitar da farin gashi. Duk abin da muka zuba jiya yana nan, har ƙwaya ɗayan nan da aka tofar, ita ma tana ciki. Na wanke soson matatar ruwa a ruwan da na cire, na zuba sabon ruwa a hankali, na juya bakin injin sama domin ya riƙa karkaɗa fuskar ruwa iska ta shiga, na kuma kafa 'yar fanka tana busa saman tankin har zafin ya sauko digiri 26. A daren na haɗa wata jarkar, gishirin tanki kimanin giram 35 a kowace lita ta tataccen ruwa, na bar inji yana juya shi ya kwana, washegari na sake canza lita 20.

A daren Litinin ɗin muka zauna mu uku. Ban yi wa kowa faɗa ba, domin ni na fi kowa zubawa. Muka yi yarjejeniya hannu ɗaya ne zai riƙa ba su abinci, na ɗora gwangwanin a saman kabad. Uwargida ta ce, "To Maigida, in suka mutu da yunwa fa?" Na ce mata lafiyayyen kifi yana iya kwanaki bai ci ba, ruwan da ya ɓaci kuwa a kwana ɗaya yake kisa. Na faɗa da ƙarfin gwiwa, amma cikina bai kwanta ba.

Talata ban ba su komai ba. Na jawo tabarma na zauna nesa kaɗan da tankin ina kallo, domin saurin numfashi da ƙin abinci ba ɓacin ruwa kaɗai ke kawo su ba. Akwai wata cuta da ake kira buruklinela, wadda ta shahara da kama wannan kifin har ana laƙaba mata sunansa. Jikin kifi yakan yi fari-fari kamar an shafa masa majina, fatar ta riƙa saɓulewa, kuma tana kisa cikin kwana ɗaya ko biyu. Akwai kuma mai fararen ɗigo kamar an barbaɗa gishiri. Na haska su da tocila ta gefe, na duba fata da fikafikai da idanu. Ban ga komai ba. Zuwa dare ruwa ya washe, numfashinsu ya lafa, gwaji ya dawo kusa da ruwan ɗorawa. A nan na tabbata ruwa ne. Da a ce akwai wasu kifaye a tankin tun farko, da sai na ware sababbin a wani tanki na daban na tsawon wata guda kafin in haɗa su, kuma haka zan yi duk ranar da na ƙara wani.

Laraba daga ofis na wuce shagon, na yi tambayar da ya kamata in yi tun ranar farko: me kuke ba su, kuma ina so in gani da idona. Mai shagon ya kai ni tankin 'yan'uwansu, ya fara kashe injin ruwan, sannan ya ɗauko wani ɗan gwangwani. Ƙwayoyin ciki ƙanana ne ƙwarai, rabin milimita, ba su kai ƙwayar gero ba. Ya tsoma yatsunsa cikin ruwa ya sake su a ƙasa da fuskar ruwan, suka fara nitsewa a hankali, kifayen suka yi ta tsince su a tsakiya ɗaya bayan ɗaya. Na fito da nawa gwangwanin daga jaka na nuna masa. Nawa milimita 1.5 ne, masu tsayawa a saman ruwa, an yi su ne domin manyan kifaye. Bakin nawa kifin ba zai ɗauke su ba, shi ya sa babban ya tofar.

A hanyar komawa gida abin ya yi ta yi mini yawo a kai. A teku wannan kifin ba mafarauci ba ne mai bin abinci nesa. Yana zaune ne a jikin animoni, wata halitta mai kama da fure mai yatsu masu harbi, wadda ba ta cutar da shi. Daga nan yake leƙowa ya cafki ƙananan halittun da igiyar ruwa ta kawo gabansa, ya ɗan tsinci gansakuka, ya koma ciki da gudu. Kifin da halittarsa ke nan, a sabon wuri, cikin tsoro, ba zai hau saman ruwa inda babu mafaka domin ƙwayar da ta fi bakinsa ba. Ni ne na kai abincin inda ba zai je ba.

Na sayo abu uku: irin ƙananan ƙwayoyin shagon, da fakitin daskararren maisis, wato wasu 'yan mitsi-mitsin jatan lande, da ɗan gwangwanin ƙwan atimiya, wasu ƙananan halittun tafkin gishiri. Daskararren na sa aka naɗe mini shi a jarida da ƙanƙara na yi sauri gida, domin in ya narke ba a sake daskarar da shi.

Bayan Magariba na yanko maisis ɗin da wuƙa, guntun da bai kai rabin ƙwayar wake ba. Na sa a ƙaramin kofi da ruwan tanki ya narke, na tace a matacin shayi da na ware domin wannan aikin, na zubar da ruwan, saboda ruwan narkewar datti kawai yake ƙara wa tanki. Da na duba na ga jatan landen sun yi wa bakinsu tsawo, sai na daddatsa su da reza. Na zuƙe su a sirinji marar allura da na liƙa wa guntun tiyo a baki. Na kashe injina duka, ruwa ya tsaya cak. Na durƙusa ƙasa domin kada inuwata ta rufe su, na zura tiyon ta gefe har kusa da lungunsu, na matsa sau ɗaya. Guntaye huɗu ko biyar suka fito suna saukowa a hankali. Na janye hannu, na ce wa 'yata kada ta motsa.

Na farko ya wuce ta gabansu ya sauka a yashi. Na biyu ma haka. A na uku ne babban ya karkato ido, ya matso kamar tsawon yatsa, ya tsaya, sai wuf, guntun ya ɓace. Muka zuba wa bakinsa ido muna jira ya tofar. Bai tofar ba. Ya ɗan tauna, ya haɗiye, ya juyo ya cafki na huɗu. 'Yata ta toshe bakinta da hannu biyu don kada ta yi ihu. Ni kuwa alhamdulillahi kawai nake maimaitawa. Na ƙara matsa sirinjin sau ɗaya, ya ci uku, daga nan na tsaya duk da hannuna yana son ƙari. Na zuƙe waɗanda suka faɗi a yashi, na kunna injina.

Ƙaramin kuwa bai ci ko ɗaya ba, kuma shi ne ya fi ba ni wahala.

Washegari na lura duk lokacin da ya yunƙuro wajen abinci, babban sai ya taso masa. Shi kuma ya karkata gefe ɗaya, jikinsa ya kama karkarwa kamar mai jin sanyin zazzaɓi, sannan ya ja baya. Da na fara ganin wannan na tsorata, na ɗauka amoniyar ta taɓa masa ƙwaƙwalwa. Ashe ɗabi'arsu ce. Wannan kifin duk a maza suke tasowa. A cikin rukuni, wanda ya fi girma da ƙarfi shi ne ke rikiɗa ya zama mace, mai bi masa ya zama mijinta, sauran kuma su tsaya ƙanana suna jiran layi. In macen ta mutu, mijin ya rikiɗa ya maye gurbinta. Karkarwar nan ita ce hanyar da ƙarami ke cewa na bi, ba na ja da ke. Wato abin da nake kallo ba faɗa ba ne, gida ake kafawa, kuma tun daga ranar muka koma ce mata babbar. Sai dai kafin a gama kafa gidan, ƙaramin yana ramewa. Cikinsa ya fara shafewa, bayan kansa ya ɗan lotsa. Kwana 6 ke nan ban ga ya haɗiyi komai ba.

A nan ƙwan atimiya ya yi mini rana. Wasu ƙananan halittu ne na tafkunan gishiri, ana ɗibar ƙwansu da yawa a babban tafkin gishiri na jihar Yuta a Amurka, a busar da shi ya zama kamar garin ƙasa mai ruwan kasa, ya daɗe a gwangwani bai mutu ba. Na yanke gindin gorar ruwa mai lita 1.5, na kifa ta baki ƙasa a cikin wani kofi, na zuba ruwan gishiri, na zura tiyon iska har ƙasa, na sa ƙwan kwatan ƙaramin cokali, na bar fitila a kanta. Bayan awa 24 na cire iskar na bar ruwan ya natsu. Ɓawon ya taso sama. Na haska tocila a ƙasan gorar, sai ga wani gajimare ja-ja yana taruwa wurin hasken, dubban 'yan halittu kowanne yana tsalle-tsalle. Na zuƙo su da sirinji, na tace a ƙyalle mai laushi, na ɗauraye.

Wannan karon dabara biyu na haɗa. Na fara sakar wa babbar maisis a kusurwar dama, tana can tana fama, na zura tiyo a kusurwar hagu inda ƙaramin yake raɓe, na saki atimiyar. Abin da ke motsi daban yake a idon kifi. Ƙaramin ya yi kamar an tashe shi daga barci. Ya fara cafka, ɗaya, biyu, goma, yana juyi a wuri ɗaya, bakinsa bai huta ba. Su kuma sun yi yawa sun kuma bazu, babbar ba ta da yadda za ta tsare su duka. Cikin minti 2 na ga cikinsa ya ɗan taso ya yi ja-ja ta cikin fata. Ranar Juma'a ce, kwana na 7.

Ban zauna a kan atimiya ba, ko da yake sun fi son ta a kan komai. Amfaninta yana cikin awannin farko bayan ƙyanƙyasa, lokacin da ragowar gwaiduwa ke jikinta. In ta kwana ba a ciyar da ita ba, ko kuma manyanta daskararru da ake sayarwa, ɗanɗano ne ya fi yawa, abin gina jiki kaɗan ne. Gada na mai da ita. Kullum in zan saki atimiya sai in haɗa da ƙananan ƙwayoyin nan uku ko huɗu da na jiƙa, cikin rububi su haɗiye har da su. Kowace rana ina rage wannan ina ƙara wancan. A kwana na 12 na saki ƙwayoyin su kaɗai, ƙaramin ya ci biyar a gabana.

Mutane da yawa sun ba ni shawarar in jiƙa abincin da ruwan tafarnuwa, wai yana buɗe musu ciki. Na gwada sau biyu, ban ga bambanci ba, na bari. A ganina girman ƙwaya, da inda aka sake ta, da kashe inji, da natsuwar mai bayarwa, su ne suka yi aikin. Haka kuma na hana 'yata jefa musu burodi ko shinkafa, ni ma na cire tunanin abincin kifin ruwan daɗi ko da ya fi araha. Kifin teku yana buƙatar irin man da ke jikin halittun teku, shi ya sa nake duba bayan gwangwani in ga abin da aka fara lissafawa kifi ne ko jatan lande, ba garin alkama ba, in kuma da gansakukar sifirulina a ciki ya fi.

Akwai ranar da na ga farin kashi mai tsawo kamar zare yana bin ƙaramin. Hankalina ya tashi, domin wannan yana iya zama alamar tsutsa ko wasu ƙwayoyin cuta na ciki, waɗanda ake yi wa magani da firazikwantel ko metronidazol. Amma yana iya fitowa daga kifin da ya daɗe bai ci ba, ko wanda aka canza wa abinci. Tunda yana ci, yana kuma ƙara kumari, sai na ba shi kwana 3 ina kallo kafin in zuba wani magani a sabon tanki. A rana ta biyu kashin ya dawo ruwan ƙasa, bai sake ba.

Yanzu wata 3 ke nan. Da safe, bayan fitilar tanki ta yi rabin awa a kunne sun wartsake, ana ba su ƙwayoyi, a ƙirge, abin da za su cinye cikin minti 2 ba tare da ko ɗaya ta taɓa yashi ba. Masu kiwo suna cewa cikin kifi bai fi girman idonsa ba, kuma tun da na riƙe wannan ma'aunin ban sake ganin hazo a ruwa ba. Bayan Magariba kuma maisis, wani lokaci ƙwayoyin a maimakonsa. Duk Asabar ina canza lita 8, kullum kuma ina cike abin da fanka ta busar da tataccen ruwa marar gishiri, domin ruwa ne ke tashi, gishirin yana nan. Da muka yi tafiyar kwana 3 zuwa Penang ban bar wa kowa sallahun ciyar da su ba. Na ba su suka ƙoshi da safen tafiya, muka dawo muka same su lafiya lau, ruwa garau.

Abin da ya fi wuya yanzu shi ne roƙo. Waɗannan da suka yi kwanaki a lungu, yau ko wucewa mutum ya yi sai su taho gaban gilashi suna rausaya, baki a buɗe, kamar sun shekara ba su ci ba, ko da minti 10 da suka wuce aka ba su. Baƙin da suka zo gidanmu kusan kowa sai ya ce yunwa suke ji. Nakan nuna musu cikin kifin, a zagaye yake sumul, in ce su dubi nan, kada su dubi baki.

Ban sayi animoni ba tukuna. Ba sa buƙatarta domin su rayu, ita kuma tana son tankin da ya yi aƙalla wata 6 da fitila mai ƙarfi. Ƙaramar tukunyar ƙasa ta shuka fure na wanke na kwantar musu a kan yashi, suka kuwa tare a ciki. Makon jiya ina goge gilashi kusa da tukunyar, babbar ta fito ta cije ni a bayan hannu, cizo na gaske har da ɗan ja.

Ciyarwar safe ta koma hannun 'yata. Na sayo mata 'yar akwatin ajiye magani mai gida 7, duk daren Lahadi muna zama mu ƙirga ƙwayoyi 14 a kowane gida. Yau da safe ina ɗaura takalmi na ji ta danna makunnin inji, falon ya yi tsit. Ta hau kujerarta, ta jiƙa yatsu, ta saki takwas a dama, ta jira babbar ta juya baya, sannan ta miƙa hannu can hagu ta saki shida. Ta sunkuyo daidai gilashin tana ƙirgawa a hankali har ƙaramin ya haɗiye ta ƙarshe, ta waiwayo ta ce, "Abba, shida cif, bai bar mata ko ɗaya ba."